Adireshin imel na wucin gadi

Adireshin imel na wucin gadi adireshi ne da mutum ke buɗewa domin wata buƙata guda, ko domin hulɗa da shafin intanet guda ɗaya, da niyyar watsar da shi da zarar buƙatar ta ƙare ko kuma ya fara jawo masa saƙonnin banza. Manufarsa ita ce raba ainihin akwatin saƙon mutum da wuraren da ake neman ya rubuta adireshinsa kafin a ba shi wani abu, kamar shagunan intanet, shafukan sauke littattafai, manhajojin waya, da wuraren shiga intanet kyauta a otal-otal da filayen jirgin sama. Idan adireshin ya faɗa hannun masu talla ko 'yan damfara, mai shi zai rufe shi kawai, ba sai ya canza adireshin da danginsa, makarantarsa ko wurin aikinsa suka san shi da shi ba.

Sunan ya ƙunshi abubuwa da dama da suka bambanta da juna. Akwai akwatin da ke aiki na minti goma ya ɓace, akwai kuma adireshin da ke iya yin shekaru yana karɓar saƙo yana miƙa wa mai shi. Abin da ya haɗa su shi ne ikon yanke hulɗa yana hannun mai adireshin, ba hannun mai aiko saƙon ba.

Asalin matsalar

Saƙon banza, wanda a Turance ake kira spam, saƙo ne da ake aika wa mutane masu yawa a lokaci guda ba tare da sun nema ba. Wanda aka fi ambata a matsayin na farko shi ne wanda Gary Thuerk, ma'aikacin sashen talla na kamfanin kwamfuta na DEC, ya aika wa kimanin mutum 400 a kan hanyar sadarwa ta ARPANET a ranar 3 ga Mayu, 1978. A watan Afrilu na 1994 wasu lauyoyi biyu a Amurka, Laurence Canter da Martha Siegel, suka watsa tallar aikinsu na neman katin zama a Amurka a dubban zaurukan Usenet, kuma daga nan aka gane cewa harkar na iya kawo kuɗi. Kalmar spam kanta sunan wani naman gwangwani ne na kamfanin Hormel, wanda 'yan wasan barkwanci na Birtaniya, Monty Python, suka yi ta maimaitawa a wani wasansu na 1970 har ya danne duk wata magana.

Dalilin yawaitar irin waɗannan saƙonni shi ne arha. Aika saƙo miliyan ɗaya ba ya cin kuɗi mai yawa fiye da aika dubu ɗaya, don haka ko da mutum ɗaya ne cikin dubbai ya sayi kayan ko ya faɗa tarko, mai aikawa ya ci riba. Abin da kawai yake buƙata shi ne jerin adireshi masu aiki. Yana samun su ta hanyoyi huɗu da aka fi sani: manhajojin da ke bin shafuka suna tsintar duk rubutun da ke ɗauke da alamar @, sayen jeri daga kamfanonin da suka tara adireshin abokan cinikinsu, kutse cikin rumbun bayanan shafuka, da kuma cinke, wato gwada sunayen da aka saba da su a gaban sunan wani sanannen mai ba da imel. Kutse ne ya fi fitar da adireshi da yawa a lokaci guda. Kutsen da aka yi wa Adobe a 2013 ya fallasa bayanan asusu kimanin miliyan 153, kuma a 2017 Yahoo ya amince cewa kutsen da aka yi masa a 2013 ya shafi dukkan asusunsa, kimanin biliyan 3.

Maganin da aka fi dogaro da shi shi ne tacewa. Bayan maƙalar da Paul Graham ya wallafa a watan Agusta na 2002, inda ya nuna yadda za a yi amfani da lissafin yiwuwa wajen gane saƙon banza daga kalmomin da ke cikinsa, matatun saƙo sun inganta ƙwarai. A taron Davos na Janairu 2004, Bill Gates ya yi hasashen cewa za a shawo kan matsalar cikin shekara biyu, abin da bai tabbata ba. Matata tana aiki ne bayan adireshin ya riga ya fita, kuma tana kuskure ta fuska biyu: wani lokaci ta bar saƙon damfara ya wuce, wani lokaci ta jefa saƙo mai muhimmanci cikin shara. Adireshin wucin gadi yana tunkarar matsalar tun daga tushe, ta hanyar hana ainihin adireshin fita.

Akwatin ɗan lokaci

Wannan shi ne nau'in da aka fi sani, kuma ba ya buƙatar rajista. Mutum zai buɗe shafin, a nuna masa adireshi, ya kwafa ya saka a inda ake nema, sannan ya dawo ya jira saƙon tabbatarwa ya bayyana a shafin. Bayan ɗan lokaci sai a goge saƙonnin.

Mailinator, wanda Paul Tyma ya kafa a 2003, ya ɗauki hanya mafi sauƙi. Duk sunan da mutum ya ƙirƙira a gaban sunan yankin Mailinator akwati ne da yake nan a shirye, ba sai an buɗe shi tukuna ba. Akwatunan na jama'a ne, ba su da kalmar sirri, ana karɓar saƙo a cikinsu amma ba a aikawa daga cikinsu, kuma ana goge abin da ya shigo bayan 'yan sa'o'i. Duk wanda ya rubuta suna iri ɗaya zai ga saƙonni iri ɗaya. Guerrilla Mail, wanda ya fara a 2006, yana ba da adireshin da aka haɗa da haruffa barkatai kuma yana riƙe saƙo na sa'a ɗaya. A shekarar ne kuma Devon Hillard ya buɗe 10 Minute Mail, inda adireshin ke mutuwa bayan minti goma, sai dai idan mai amfani ya danna maɓallin ƙarin lokaci.

Irin wannan akwati ya dace da abin da ba za a sake komawa kansa ba, kamar sauke takarda guda ɗaya ko karanta labari a shafin da ya ƙi buɗewa sai an ba da imel. Masu gina manhajoji ma suna amfani da shi sosai wajen gwada ko tsarin rajistarsu yana aika saƙo yadda ya kamata, har ta kai ga Mailinator ya mayar da wannan aikin gwaji hanyar samun kuɗinsa.

Adireshin miƙa saƙo

A wannan nau'in mutum yana yin rajista sau ɗaya da ainihin adireshinsa, sannan ya riƙa ƙirƙirar sabon adireshi ga kowane shafi. Duk saƙon da aka aiko wa sabon adireshin ana miƙa shi zuwa ainihin akwatinsa. Mai aikowa bai san inda saƙon ya ƙare ba. Idan wani adireshi ya fara kawo shara, sai a kashe shi shi kaɗai, sauran su ci gaba da aiki.

Ɗaya daga cikin na farko shi ne Spamgourmet, wanda ya fara a shekarar 2000 da wata dabara ta musamman. Adireshinsa yana da sassa uku kafin alamar @: wata kalma da mutum ya ga dama, sai lamba, sai sunan asusunsa. Lambar ita ce yawan saƙonnin da za a miƙa masa, kuma ba ta wuce 20. Idan ya rubuta 3, saƙonni uku na farko za su iso gare shi, na huɗu da duk na bayansa za a haɗiye su. Ba sai ya shiga shafin Spamgourmet ba kafin ya ƙirƙiri adireshi, yana iya tsara shi a ka lokacin da yake cike fom. Yahoo ya kawo makamancin wannan a 2003 da sunan AddressGuard, ga masu biyan kuɗi, inda ake haɗa wani suna na daban da wata kalma ta hanyar karan ɗori.

Shekaru da dama wannan hanya ta tsaya a hannun masu sha'awar fasaha. Abin ya canza a 2019, lokacin da Apple ya ƙaddamar da Sign in with Apple tare da iOS 13. Mai shiga manhaja ta wannan hanya yana iya zaɓar ɓoye imel ɗinsa, sai a bai wa manhajar wani adireshi na haruffa barkatai a ƙarƙashin privaterelay.appleid.com. A 2021 kamfanin ya faɗaɗa wannan zuwa Hide My Email ga masu biyan kuɗin iCloud+, ta yadda za a iya amfani da shi a kowane shafi. Mozilla ta fitar da Firefox Relay a 2020, inda ta fara da bai wa masu amfani kyauta adireshi biyar. DuckDuckGo ya fara gwajin nasa a 2021 ya buɗe wa kowa a watan Agusta na 2022, da adireshi masu ƙarewa da duck.com, kuma yana cire na'urorin bibiya daga saƙo kafin ya miƙa shi. Fastmail da manhajar adana kalmomin sirri ta 1Password sun haɗa kai a 2021 domin a riƙa ƙirƙirar sabon adireshi da sabuwar kalmar sirri a lokaci guda. SimpleLogin, wanda aka kafa a Faransa kuma lambobin manhajarsa a buɗe suke ga kowa, kamfanin Proton na Suwizalan ya saye shi a 2022. Akwai kuma addy.io, wanda a da ake kira AnonAddy.

Miƙa saƙo yana da wahalar da mai amfani ba ya gani. Domin yaƙi da saƙonnin bogi, masu karɓar imel suna duba ko kwamfutar da ta kawo saƙo tana cikin waɗanda mai sunan yankin ya amince su aika a madadinsa, tsarin da ake kira SPF. Saƙon da aka miƙa ya fito ne daga kwamfutar mai miƙawa, ba ta ainihin mai aikowa ba, don haka yana iya faɗuwa wannan gwaji. Masu miƙawa suna magance haka ta hanyar sake rubuta adireshin da ke jikin ambulan saƙon zuwa nasu, da kuma kiyaye sa hannun DKIM ko sanya nasu. Amsa saƙo ma sai an bi ta hannunsu. Idan mutum ya amsa kai tsaye daga akwatinsa, ainihin adireshinsa zai bayyana, shi ya sa ake sauya adireshin mai aikowa da wani na musamman wanda zai karɓi amsar, ya cire sunan mai amsawa, ya isar da ita kamar daga adireshin wucin gadin ta fito. Wannan ne ma dalilin da ya sa ya fi kyau a kashe adireshin da ya lalace maimakon a riƙa danna maɓallin rahoton shara, domin rahoton yana iya ɓata sunan kwamfutar mai miƙawa a wurin mai karɓa, har saƙonnin kirki su fara faɗawa cikin shara.

Ƙarin alamar tarawa

Masu ba da imel da yawa, ciki har da Gmail da Outlook.com, suna barin a ƙara alamar + da wata kalma bayan sunan asusu. Idan adireshin mutum suna@example.com ne, saƙon da aka aika wa suna+kasuwa@example.com zai shigo akwati ɗaya. An bayyana yadda matatu za su gane wannan ƙari a takardar ƙa'ida ta RFC 5233 ta 2008, kodayake an daɗe ana amfani da dabarar kafin nan, kuma wasu tsare-tsare kamar qmail suna amfani da karan ɗori a maimakon alamar tarawa. Gmail yana da ƙarin wata al'ada, ba ya la'akari da ɗigo a cikin sunan asusu, don haka suna mai ɗigo da marar ɗigo duk akwati ɗaya ne.

Wannan hanya kyauta ce kuma ba ta buƙatar wani shiri, amma ita ce mafi rauni. Ainihin adireshin yana nan a fili, kuma cire duk abin da ke tsakanin + da @ aiki ne na layi ɗaya ga mai tsara manhaja. Ba a iya kashe adireshin, sai dai a kafa matatar da za ta riƙa goge abin da ya zo ta kansa. Wasu fom-fom kuma suna ƙin karɓar alamar +, duk da cewa ƙa'idojin imel sun halatta ta. Amfaninta na gaskiya shi ne tsara saƙonni da gane inda adireshi ya fita, ba ɓoye mai shi ba.

Sunan yanki na kai

Wanda ya sayi sunan yanki nasa yana iya saita shi ya karɓi duk saƙon da aka aiko wa kowane suna a ƙarƙashinsa. Da haka zai bai wa kanti adireshin kanti@example.com, ya bai wa jarida jarida@example.com, ba tare da ya dogara da wani kamfanin miƙa saƙo ba, kuma idan ya canza mai ba shi imel adireshinsa za su bi shi. Sai dai dole ya riƙa biyan kuɗin sunan duk shekara. Idan ya bari ya ƙare wani ya saya, sabon mai shi zai karɓi duk saƙonnin, har da na sauya kalmar sirri. Masu cinke kuma suna iya cika akwatin da shara, tunda kowane suna suka gwada zai shiga. Ta fuskar sirri ma bai kai na haɗaka ba, domin duk adireshin da ke ƙarƙashin sunan na mutum ɗaya ne, kuma hakan ba ya da wuyar ganewa.

Amfani

Rage shara shi ne amfani na farko, amma ba shi kaɗai ba ne. Idan kowane shafi yana da nasa adireshin, saƙon banza yana zuwa da shaidar inda ya samo asali. Mutumin da ya bai wa wani shago adireshi na musamman, sannan ya ga tallar caca ko ta maganin ƙarfi ta shigo ta wannan adireshin, ya san cewa ko dai shagon ya sayar da bayanansa ko kuma an yi masa kutse. An sha samun lokutan da masu irin wannan tsari suka lura da alamar kutse kafin kamfanin da abin ya shafa ya sanar.

Haka nan yana taimakawa wajen gane saƙon yaudara. Saƙon da ya ce daga banki yake, amma ya shigo ta adireshin da aka bai wa shafin wasanni, bogi ne, komai kyawun tambarin da ke kansa. Wannan ya shafi saƙonnin da ke kwaikwayon kamfanoni domin satar kalmar sirri, da kuma damfarar neman kuɗin somin-taɓi da aka fi sani da 419, sunan da ya samo asali daga sashe na 419 na dokar manyan laifuka ta Najeriya.

Akwai kuma batun tsaron asusu. Idan aka saci jerin adireshi da kalmomin sirri daga wani shafi, masu kutse suna gwada su ta hanyar manhaja a wasu shafuka, da fatan mutum ya maimaita kalmar sirri ɗaya. Idan adireshin da aka sata bai dace da na kowane shafi ba, gwajin ba zai yi nasara ba. Wannan ƙari ne a kan amfani da kalmar sirri daban-daban, ba madadinsa ba. Shafin Have I Been Pwned, wanda Troy Hunt ya buɗe a watan Disamba na 2013, yana bai wa mutum damar duba ko adireshinsa ya fito a cikin wani kutsen da aka sani.

Amfanin da ba a cika lura da shi ba shi ne na hana haɗa bayanai. Adireshin imel yana daɗewa fiye da waya ko kwamfuta, shi ya sa kamfanonin talla ke amfani da shi a matsayin lambar shaidar mutum. Shago na iya juya adireshin abokan cinikinsa zuwa wata lamba ta hanyar lissafin SHA-256 ya loda wa dandalin talla, dandalin ya gwada da na masu asusu a wurinsa, ya nuna musu talla. Lissafin yana ɓoye rubutun adireshin, amma adireshi ɗaya kullum lamba ɗaya yake bayarwa, don haka haɗawar tana yiwuwa. Yayin da manhajojin shiga intanet irin su Safari da Firefox suka toshe kukis na wasu kamfanoni, masana'antar talla ta ƙara karkata ga wannan hanya, kamar a tsarin Unified ID 2.0 da kamfanin The Trade Desk ya ƙirƙira. Adireshi daban ga kowane shafi yana karya wannan sarƙa, matuƙar ba a ba da lambar waya ɗaya a ko'ina ba.

Haɗari da iyakoki

Babban haɗarin shi ne rasa asusu. Yawancin shafuka suna aika hanyar sauya kalmar sirri ne zuwa adireshin da aka yi rajista da shi. Wanda ya buɗe asusu da akwatin minti goma, sannan ya manta kalmar sirrinsa bayan wata shida, ba shi da hanyar dawowa. Abin ya fi muni da akwatin jama'a, inda duk wanda ya san adireshin zai iya neman a sauya kalmar sirri, ya je ya karanta saƙon, ya ƙwace asusun. Saboda haka akwatin ɗan lokaci bai dace da banki, rajistar jarrabawa, neman gurbin karatu, neman tallafin karatu, neman aiki, biza, ko sayen kayan da za a jira isowarsu ba. Ɗalibin da ya cike fom ɗin makaranta da irin wannan adireshi yana iya rasa takardar gayyata ba tare da ya taɓa sanin an aiko ta ba.

Adireshin miƙa saƙo ba shi da wannan matsala muddin kamfanin yana aiki, amma yana kawo wata. Duk saƙonnin mutum suna bi ta hannun wani na uku, wanda a fasahance yana iya karanta su, tunda yawancin imel ba a kulle yake daga mai aikawa zuwa mai karɓa ba. Kamfanin ya kuma san jerin duk shafukan da mutum ke hulɗa da su. Idan ya rufe, ko ya rufe asusun mutum, ɗaruruwan adireshi na iya mutuwa rana ɗaya. Shafukan akwatin kyauta da ba a san masu su ba sun fi zama abin shakka, domin da talla suke rayuwa kuma babu tabbacin abin da suke yi da saƙonnin da ke wucewa ta wurinsu.

Adireshin wucin gadi kuma ba ya ɓoye mutum daga bincike. Shafin da ya ba da shi yana iya ganin lambar IP ta mai amfani, haka ma shafin da aka yi rajista a kansa. A watan Disamba na 2013 wani ɗalibin Jami'ar Harvard ya aika barazanar bam ta ƙarya domin kauce wa jarrabawa, ya yi amfani da Guerrilla Mail tare da manhajar Tor. Masu bincike sun gano cewa saƙon ya bi ta Tor, suka duba waɗanda suka shiga Tor ta hanyar intanet ɗin jami'ar a wannan lokaci, kuma aka kai gare shi cikin kwana ɗaya zuwa biyu.

Haka kuma ba ya gyara abin da ya riga ya ɓaci. Adireshin da ya daɗe a cikin jerin masu aika shara zai ci gaba da karɓarta, sabon tsarin yana hana ƙaruwa ne kawai.

Martanin masu shafuka

Masu shafuka da yawa ba sa son irin waɗannan adireshi, kuma suna da hujjoji. Mutum ɗaya na iya buɗe asusu ɗari domin ya ci gajiyar gwajin kyauta ko rangwamen sabon abokin ciniki sau da yawa, ko ya yi maguɗi a ƙuri'ar intanet, ko ya dawo bayan an kore shi saboda cin zarafin wasu. Saƙonnin da ke dawowa daga adireshin da ya mutu kuma suna rage darajar mai aikawa a wurin manyan masu ba da imel. Don haka shafuka suna duba sunan yankin adireshi a cikin jerin waɗanda aka sani na wucin gadi ne. Akwai irin wannan jeri a buɗe a GitHub mai ɗauke da dubban sunaye, akwai kuma kamfanonin da ke sayar da aikin tantancewa. Masu akwatunan ɗan lokaci su kuma suna sayen sababbin sunaye a kai a kai, jerin yana bin su a baya.

Rigimar ta fi zafi a kan adireshin miƙa saƙo. Masu samar da su suna cewa bai kamata a haɗa su da akwatin minti goma ba, tunda a bayan kowane adireshi akwai mutum na gaske da ke karɓar saƙo kuma yana iya amsawa. Wannan hujja tana da ƙarfi, domin toshe irin wannan adireshi yana hana mai gaskiya kare kansa, alhali mai mugun nufi yana iya buɗe sabon asusun imel na kyauta cikin 'yan mintuna. Shigowar Apple ta sa toshewar ta yi wuya, domin shafin da ya ƙi adireshin Apple yana korar abokan ciniki masu yawa. A ɗaya ɓangaren, Apple ya gindaya wa masu manhajoji sharaɗin yin rajistar sunayen yankin da za su riƙa aikowa daga gare su kafin saƙonsu ya wuce ta Sign in with Apple, wanda ke nufin ko adireshin ya fita, wani daban ba zai iya amfani da shi ba.

Shafuka da yawa sun koma neman lambar waya a maimakon dogaro da imel kaɗai. Wannan ya haifar da kasuwar lambobin waya na wucin gadi, amma samun lamba ya fi samun adireshi tsada, musamman a ƙasashen da ake haɗa layin waya da katin shaidar ɗan ƙasa, kamar Najeriya inda aka wajabta haɗa layi da lambar NIN.

Matsayin doka

A yawancin ƙasashe babu dokar da ta hana mallakar adireshin wucin gadi, kodayake amfani da shi na iya saɓa wa sharuɗɗan wani shafi, wanda hakan kan kai ga rufe asusu. Yin damfara ko barazana da shi laifi ne kamar yadda yake da kowane adireshi.

Dokokin da suka fi shafar batun su ne na saƙon talla da kare bayanai. A Amurka, dokar CAN-SPAM ta 2003, wadda ta fara aiki a ranar 1 ga Janairu, 2004, ba ta wajabta neman izini kafin aika talla ba. Ta dai hana ƙarya a kan saƙo, ta kuma tilasta a saka hanyar ficewa da za a mutunta cikin kwanakin aiki 10. Tarayyar Turai ta ɗauki matsaya mafi tsauri tun a umarninta na 2002 kan sirri a sadarwar lantarki, wanda ya buƙaci amincewar mutum tukuna, in ban da abokan cinikin da kamfani ke da su tun da. Dokar GDPR da ta fara aiki a ranar 25 ga Mayu, 2018 ta ƙara da wajabta sanar da hukuma game da kutse cikin sa'o'i 72. Kanada ma ta bi hanyar neman izini da dokarta da ta fara aiki a ranar 1 ga Yuli, 2014. A Najeriya, dokar laifukan intanet ta 2015 ta tanadi hukunci kan saƙonnin yaudara da na banza, sannan dokar kare bayanai ta 2023 ta kafa Hukumar Kare Bayanai ta Najeriya, ta kuma bai wa mutum 'yancin ƙin a yi amfani da bayanansa wajen yi masa talla kai tsaye.

Waɗannan dokoki suna aiki ne a kan kamfanonin da ke da suna da ofis. Mai aika shara daga wata ƙasa ta hanyar kwamfutocin da ya yi wa kutse ba ya bin su, kuma danna mahaɗin ficewa a cikin saƙonsa na iya zama tabbaci a gare shi cewa akwai mai karanta adireshin.